Makarantar Grant ta Portland: Gyaran Tsohon Gini da Abin da Ya Tono a Ƙarƙashin Ƙasa

Kafin 2017, idan aka kaɗa ƙararrawar cin abincin rana a makarantar sakandare ta Grant da ke birnin Portland, a jihar Oregon ta Amurka, ɗalibai kan rabu gida biyu ba tare da wani malami ya ba da umarni ba. Masu 'yan daloli a aljihu su fice ta ƙofar gaba, su nufi shagunan abinci na titin Broadway ko na unguwar Hollywood da ke kusa. Waɗanda kuwa gwamnati ke ciyarwa kyauta ko a kan rangwame, saboda ƙarancin abin hannun iyayensu, sai su gangara ƙasa, domin ɗakin cin abincin makarantar a ƙarƙashin ƙasa yake, inda rana ba ta cika leƙawa ba. Wanda ya tsaya a bakin matakala na ɗan lokaci zai iya gane ɗan mai hali da ɗan mara hali ta inda ƙafarsa ta dosa kawai. Kuma da yake a Amurka talauci da launin fata sun daɗe suna tafiya tare, yaran da ke gangarawa ƙasan da yawansu baƙaƙen fata ne da 'ya'yan sauran tsirarun ƙabilu.

Ba don wannan aka tashi gyaran makarantar ba. An tashi ne don tsoron girgizar ƙasa da ruɓewar gini. Maganar ɗakin cin abincin a tsakiyar aiki ta fito, daga bakin yaran da kansu, kuma ita ce ta juya fasalin zanen gaba ɗaya.

An buɗe Grant a 1924, aka raɗa mata sunan Ulysses S. Grant, shugaban Amurka na 18. Ta kusa zama tsarar tsohuwar Kwalejin Katsina ke nan. Gini ne na jan bulo mai dogayen ginshiƙai a fuskarsa, a arewa maso gabashin birnin, manne da wani babban filin shaƙatawa mai suna iri ɗaya da ita. Mutanen unguwar suna ji da ita. Akwai gidajen da kaka ta yi ta, uwa ta yi ta, jika ma yana ciki. Sai dai ginin jan bulo na wancan zamani ba a sa masa rodi a bango, bulo ne bisa bulo da kwaɓin siminti, kuma ba a ɗaure rufi da bene da bango yadda za su riƙe juna idan ƙasa ta motsa. A lokacin da aka yi shi babu wanda ya san cewa a gefen gaɓar Tekun Fasifik, yamma da birnin, akwai doguwar tsaga a ƙarƙashin teku da ake kira Cascadia, wadda ke iya haifar da girgiza mafi muni. Ta ƙarshe da ta yi, ranar 26 ga Janairun 1700 ce, kuma an gano ranar ne daga rubuce-rubucen mutanen Japan, waɗanda igiyar ruwa ta afka wa ba tare da sun ji ƙasarsu ta motsa ba. A 1993 ma wata 'yar matsakaiciyar girgiza ta zubo da bulon makarantar sakandaren garin Molalla, kudu da Portland. Allah ya taƙaita, da asuba abin ya faru kuma ana hutu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Bayan girgiza akwai gajiyar shekaru: tsofaffin bututun ruwa, fenti mai dalma, sinadarin asbesto a silin da jikin bututu, tukunyar dumama ɗaki da ta sha jiki, da matakalai birjik waɗanda ɗalibi mai keken guragu ba shi da yadda zai yi da su. A 2016, lokacin da ake tsakiyar zana sabuwar Grant, aka gano dalma a ruwan shan makarantun birnin da dama. Aka rufe famfuna, aka koma ruwan gora, kuma shugabar hukumar makarantun, Carole Smith, ta sauka daga kujerarta.

Kuɗin daga ina?

A can, gwamnatin tarayya ba ta gina wa gari makaranta. Hukumar makarantun birni ce ke neman izinin masu zaɓe ta ci bashi, a riƙa biya daga ƙarin harajin gidaje da filaye. Wato mai gida ne ake tambaya ko ya yarda a ƙara masa haraji, ko da kuwa ba shi da ɗa ko jika a makarantar. Tun 1990 da mutanen Oregon suka kaɗa ƙuri'ar taƙaita harajin gidaje, kuɗin gudanar da makarantu ya yi ƙaranci, kuma duk inda kuɗi ya yi ƙaranci gyaran rufi ne ke fara jira. Rabon Portland da amincewa da babban bashin gine-ginen makarantu tun 1995.

A watan Mayun 2011 hukumar ta nemi dala miliyan 548, ta sha kaye da ɗan ƙaramin rata. Ba ta yi zuciya ba. Ta koma ta saurari ƙorafin jama'a, ta rage buri, ta dawo a Nuwamban 2012 da buƙatar dala miliyan 482, a kan harajin da bai wuce dala 1.10 ba a kowace dala 1,000 ta ƙimar gida. Wannan karon kusan kashi biyu cikin uku na masu zaɓe suka ce sun yarda. Kuɗin na sabunta manyan makarantu uku ne, Franklin da Roosevelt da Grant, da sake gina wata ƙaramar makaranta mai suna Faubion, sai gyaran rufi da ƙarfafa bango a wasu da yawa. Aka kuma kafa kwamitin 'yan gari masu ilimin gini da lissafin kuɗi, aikinsu bin diddigin kowace dala da kai rahoto a bainar jama'a.

Grant ce ta zo ƙarshe a jerin ukun, kuma ta ci ribar jira. Franklin da Roosevelt sun riga ta shan suka. A Roosevelt, wadda ke unguwar St. Johns ta masu ƙaramin ƙarfi, mutanen unguwa sun yi ta kukan cewa wurin koyon sana'a da kimiyya da aka zana musu bai kai na Franklin ba, har wasu suka kai ƙara ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar ilimi ta tarayya. Daga baya dole aka ƙara musu gini. An kira taruka a can ma, an ɗauki sunayen mahalarta, amma mutane sun fita da jin cewa an riga an yanke hukunci kafin a kira su.

Wa aka tambaya

Kamfanin zanen gini na Mahlum ne ya karɓi aikin Grant. Kamar sauran makarantun, an kafa kwamitin ba da shawara kan zane: malamai, iyaye, ɗalibai, tsofaffin ɗalibai, maƙwabta da 'yan kasuwar unguwa. An yi taruka na yamma da na ranar Asabar inda kowa ke iya zuwa ya ga taswira ya tofa albarkacin bakinsa.

Duk wanda ya taɓa halartar taron iyaye da malamai, a ko'ina ne, ya san su wa ke zuwa. Mai mota, mai lokaci, wanda ya saba magana a gaban mutane, wanda ba ya aikin dare. Tsofaffin ɗalibai kuma, a Portland ne ko a Zariya, maganarsu guda ce: kada a taɓa mana ƙofar gaba, kada a taɓa mana ɗakin taro, a nan muka karɓi takardar gamawa. Ƙauna ce ta gaskiya, kuma ita ce ta hana a yi tunanin rushe ginin. Amma wanda ya bar makaranta shekara 40 da suka wuce ba shi ne zai gaya maka inda takalmi ke matsa yaron yau ba.

Abin da masu zanen suka yi daidai shi ne ba su tsaya ga wanda ya zo taro ba. Sun shiga makarantar, sun bi ɗalibai daga aji zuwa aji, sun zauna da ƙungiyoyin ɗalibai ƙanana-ƙanana, har da na baƙaƙen fata da na waɗanda ba a saba jin muryarsu ba. Tambayar ma ta sauya. Maimakon a ce me kuke so a sabon gini, wadda kowa zai amsa da sabbin kwamfutoci da babban filin wasa, sai aka riƙa tambayar ina ne a ginin nan kake jin naka ne, ina ne kuma kake jin kai baƙo ne. Ciwon ɗa sai uwa, ciwon gini kuwa sai mai kwana da tashi a cikinsa. Da aka tattara amsoshin, yatsu da yawa wuri guda suka nuna: ƙasa.

Ashe abin ya wuce ɗakin cin abinci. Ƙarƙashin makarantar ba fili ɗaya ba ne, ramuka ne har biyar da ba su haɗu da juna ba, ko wanne da tasa matakalar. In kana ɗaya kana son zuwa ɗaya, sai ka hau sama, ka bi baranda, ka sake gangarawa. Kuma a hankali, shekara bayan shekara, duk wani shiri da aka ƙirƙiro daga baya don tallafa wa yaran da ke buƙatar taimako, da aka rasa inda za a sa shi sai a tura shi can. Babu shugaban makarantar da ya zauna ya ce a kai 'ya'yan talakawa rami. Kowane shugaba ya nemi ɗakin da babu kowa ne, ɗakin da babu kowa kuwa kullum shi ne mara taga. Amma yaron da aikinsa kullum gangarawa ne, alhali ajin masu ƙoƙari yana sama cikin haske, ba ya buƙatar a fassara masa. A birnin da tsarin mulkin jiharsa na 1857 ya taɓa haramta wa baƙar fata zama, inda kuma bankuna da dillalan gidaje suka daɗe suna killace baƙaƙe a yankin Albina, irin wannan saƙo ba baƙo ba ne a kunnen iyayen yaran.

Abin da aka gina

A watan Yunin 2017 aka kwashe makarantar kacokan zuwa harabar tsohuwar makarantar Marshall, can unguwar Lents a kudu maso gabashin birnin, wadda aka rufe a 2011. Ɗaliban Franklin ba su daɗe da tashi daga wurin ba. Rufe Marshall ya ƙona ran mutanen unguwarta a lokacin, sai ga shi ta zama masaukin baƙi: bayan Grant, wasu manyan makarantu biyu sun yi zaman jira a cikinta. Shekara biyu yaran Grant suna ratsa gari da motar haya ta birni safe da yamma. Akwai waɗanda rabin zamansu na sakandare a gidan aro ya ƙare. Kamfanoni biyu suka haɗa hannu a kwangilar, Andersen da Colas, na biyun mallakar wani iyali ne baƙaƙen fata na birnin.

Fuskar ginin da ke kallon titi an bar ta yadda kakanni suka san ta. A baya ne aka yi tiyatar. An rushe ƙananan gine-ginen da aka yi ta liƙawa a shekarun baya, sannan aka faɗaɗa tsohon ginin ta yamma da wani sabon sashe mai faɗin ƙafa 30, hawa uku. Aka haƙe ƙasar da ke jingine da bangon ramukan nan, aka mayar da wurin tsakar gida a buɗe, aka fasa manyan tagogi. Abin da dā yake rami sai ya koma hawan ƙasa sosai, mai ƙofar fita waje da hasken rana. Aka haɗe ramukan biyar suka zama hawa guda da mutum zai bi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. A tsakiya aka tsaga benaye aka kafa faffaɗar matakala wadda ta ɗinke hawa ukun, har wanda ke sama yana hango wanda ke ƙasa. Wurin cin abinci ya zama fili na kowa, a kan hanyar kowa, ba lungun da ake zuwa a ɓoye ba. Mai ƙunshin abinci daga gida da mai tiren gwamnati teburi ɗaya suke zama.

Aikin girgizar ƙasa shi ne mafi cin kuɗi, kuma shi ne wanda ido ba ya gani. A irin wannan gini, ta ciki ake bi: a huda tsohon bango a dasa ƙarafa, a ɗaura ragar rodi, a fesa kankare har ya zama sabon bango a bayan tsoho, sannan a ɗaure kowane bene da rufi da bangon. Mai wucewa a titi jan bulon 1924 yake gani, alhali nauyin ya koma kan ƙashin da aka dasa a ciki.

Tsohon zauren motsa jiki, wanda ya yi wa wasannin yau kaɗan, ba a rushe shi ba. An mayar da shi sashen koyon zane-zane da sauran ayyukan fasaha, aka gina sabon zauren wasanni daban. Babban ɗakin taro kuma aka gyara shi ya dawo hayyacinsa. Katakon daɓen tsohon zauren da na kujerun 'yan kallo an kankare su an yi ado da su a bango, har wani tsohon ɗalibi zai iya shafa katakon da ya taɓa gudu a kai.

Sai banɗaki, wanda ya fi komai jawo wa makarantar suna da surutu. Tun 2013 Grant ta ware banɗakuna shida na mutum ɗaya-ɗaya don ɗaliban da ba sa sakewa a na maza ko na mata, musamman masu sauya jinsi, bayan an ji cewa wasu kan ƙi shan ruwa wuni guda don gudun shiga. A sabon ginin sai aka yi duka a haka: kowane makewayi ɗaki ne mai bango da ƙofa daga ƙasa har sama, wurin wanke hannu kuma a fili, ana ganinsa daga baranda, babu na maza babu na mata. Da yawa daga cikinmu ba za su yarda da cire wannan iyaka ba, kuma a Amurka ma ba kowa ya yarda ba. Amma ko wanda ya ƙi dalilin zai ga abin da zanen ya kashe. Tsohon banɗakin makaranta, mai ƙofa ɗaya da ɗaki a ciki inda idon malami ba ya kaiwa, nan ne matattarar cin zali da shan taba a kowace ƙasa. Idan babu wannan ɗakin, babba ba shi da inda zai tare ƙarami.

Batun kare muhalli

A nan ana yawan ruɗa mutane da kayan ƙyale-ƙyale. Gaskiya ne hukumar ta gindaya cewa makarantun da aka sabunta su cika ma'aunin LEED, wanda ake auna tsimin wuta da ruwa da ingancin iskar gini da shi. Gaskiya ne kuma dokar Oregon ta 2007 ta wajabta ware kashi 1.5 cikin 100 na kuɗin babban ginin gwamnati don makamashi mai tsafta irin na hasken rana, birnin Portland kuma yana tilasta wa manyan gine-gine su shanye ruwan samansu a harabarsu maimakon tura shi kwata. An sauya na'urorin dumama ɗaki, an toshe inda zafi ke zurarewa, an sa fitilu masu tsimin wuta. A garin da hadari ke rufe sama watanni a jere, kowace taga da aka fasa a tsohon ramin nan ragin kuɗin lantarki ce.

A ganina, duk da haka, babban abin da aka yi wa muhalli shi ne abin da aka ƙi yi, wato rushewa. Sarrafa siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya. Bulon da aka gasa shekara ɗari da suka wuce ya riga ya biya nasa bashin hayaƙin. Wani bincike da asusun adana gine-ginen tarihi na Amurka ya fitar a farkon 2012, wanda Portland na cikin birane huɗu da ya duba, ya nuna cewa sabon gini mai tsimin makamashi kan ɗauki shekara 10 zuwa 80 kafin tsiminsa ya rama ɓarnar da gina shi ya yi. Abin sha'awa a Grant shi ne buƙatu uku da aka zaci za su yi karo sun faɗa rami ɗaya. Tsofaffin ɗalibai suna son a bar gini, masu kishin muhalli suna son a rage siminti, yara suna son a fito da su daga duhu. Haƙe ƙasar bayan ginin ya biya wa ukun buƙata: an samu ƙarin hawa guda na azuzuwa daga abin da dā ma yana nan.

Waɗanda suka dawo da ƙorafi

An koma makarantar a farkon zangon karatu na 2019, bayan aikin ya lashe fiye da dala miliyan 130, sama da abin da aka ƙiyasta da fari, domin farashin gini ya yi ta hawa a birnin a shekarun. Ginin ya samu lambobin yabo na ƙasa, masu zanen makarantu suka riƙa zuwa kallo. Ba a daɗe ba kuma aka gane cewa sauraron da aka yi, duk da kyansa, bai kai ko'ina ba.

Na farko, zane. A lokacin, a gefe biyu na dandamalin ɗakin taro akwai manyan zane biyu da wani mai zane daga Chicago, Carl Hoeckner, ya yi a 1932 don tunawa da shugaban makarantar na farko, William Fletcher. Tsofaffin ɗalibai sun tara kuɗi don a wanke su a gyara. A cikin zanen akwai 'yan asalin ƙasar, Indiyawan Amurka, suna tarbar Turawa 'yan kama-wuri-zauna cikin lumana. Ɗalibai 'yan asalin ƙasar da ke makarantar suka ce wannan ba tarihin kakanninsu ba ne, an kore su ne an ƙwace ƙasa, kuma ba za su zauna a ƙarƙashin hoton da ke cewa an yi musafaha ba. Suka nemi a cire. Masu son a bari suka ce aikin fasaha ne na tarihi. Ga shi an kashe shekaru ana tambayar yara ina suke jin baƙunta, amma bangon da ya fi kowane girma a makarantar ya tsallake tambayar, saboda an sa shi a layin kayan tarihi tun farko, layin da ba a taɓawa.

Na biyu, fili. An gama aiki 'yan wasan besbol maza sun samu sabon fili a harabar makaranta, 'yan mata masu wasan sofbol kuwa aka bar su suna zuwa wani filin unguwa da bai kai nasu ba. A 2021 suka maka hukumar a kotu ƙarƙashin dokar tarayya ta 1972 da ake kira Title IX, wadda ta haramta bambanta maza da mata a makarantun da ke cin kuɗin gwamnati. Aka sasanta, aka yi musu fili. Babban filin ƙwallo da ke gefen makarantar ma, wanda mallakar hukumar filayen shaƙatawa ta birni ne ba na makaranta ba, bai shiga aikin gyaran ba. A 2023 aka hana wasanni a kansa ana dab da fara kaka, saboda shimfiɗarsa ta roba ta faɗi gwajin lafiya.

Na uku ya fi wuyar magani. An zana ginin don ɗalibai 1,700. Da iyaye suka ga abin da aka yi, waɗanda dā suke kai 'ya'yansu wani wuri suka dawo, cikin 'yan shekaru adadin ya haura 2,000. Masu zaɓen birnin kuwa sun ci gaba da sa hannu a aljihu: dala miliyan 790 a 2017, sannan biliyan 1.2 a 2020, wadda a cikinta ne aka sa makarantar Jefferson, wadda ta fi kowace alaƙa da baƙaƙen fatar Portland, kuma ta daɗe tana kallon ana yi wa wasu.